Cokalina a Kan Igiyarka

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin Laraba, tara ga watan Afrilu, Allah ya karɓi ran dattijon da duk direban babbar mota a wannan hanya ya sani da Baba Mai Igiya, bayan gajeriyar jinya a asibiti. Ina ƙarƙashin mota ina ɗaure wani noti da ya kwance labarin ya same ni. Mai shayin bakin gareji ne ya durƙuso ya leƙo, ya ce, "Mai Cokali, fito. Baba ya tafi." Na daɗe kwance a wurin ina kallon ƙarfe, don ban san da wace fuska zan fito ba.

Baba, ni direba ne, hannuna ya fi sanin sitiyari da alƙalami. Amma na ji sanarwar da ƙungiyar direbobi ta fitar, sun ce kai jigo ne a harkar sufuri, daga nan suka ja bakinsu. Wannan magana a kan kowa ana iya faɗarta, har da waɗanda suka hana ka sakat kana raye. Shi ya sa na ce bari in faɗi abin da idona ya gani, ko da rubutun zai fito a karkace.

Ga wanda bai san wurin ba, hanya ce guda ɗaya. Jirgin ƙasa yakan ɗauko kaya daga bakin tekun ƙasarku ya sauke su a manyan rumbunan da ke kusa da gada, domin a nan dogo ya ƙare. Daga nan sai mu masu tirela mu ɗauka mu haye gadar mu shiga ƙasarmu, wadda Allah bai ba ta teku ba. Shinkafa, taki, siminti, maganin asibiti, duk ta nan suke hawa. Audugarmu da ma'adinanmu kuma ta nan suke gangarowa. Garejin da muke jiran lodi yana ɓangarenku, kuma motocin ƙasashen biyu a nan suke kwana kafaɗa da kafaɗa.

Manya sun daɗe suna ja-in-ja a kan hanyar nan. Naku suna son ƙarin kuɗin wucewa, namu suna barazanar juya kaya zuwa tekun wata maƙwabciyar, ko da ya fi nisa. Ga kuma manyan ƙasashen can nesa, wannan ta ce za ta ja dogo har ya haye gada, waccan ta ce za ta shimfiɗa sabuwar kwalta ta wani ɓangaren, kowacce kuwa idonta yana kan abin da ke ƙarƙashin ƙasarmu. Kakan kara rediyo a kunne ka saurari duk wannan, sannan ka kashe ka ce, "Su da taswira suke auna hanyar nan, mu da taya." Daga nan sai ka koma wajen igiyarka.

Igiyar ƙarfe ce doguwa, ka ɗaure ta daga turken ƙofar gareji zuwa ginshiƙin rumfar da muke zama. Duk direban da ya shigo babu kaya sai ya rataya wani ɗan abu nasa a wutsiyar igiyar, ya zama alamarsa. Lodi ya fito, ka kira wanda ke gaba, ka cire tasa, ka tura sauran. Ka ce abin da aka rubuta a ofis a ofis ake goge shi, amma igiya tana tsakar rana, makaho ma zai iya shafawa ya san wa ke gabansa. Dokokinta ba su da yawa. Babu mai taɓa alamar wani sai kai. Wanda aka kira ba ya nan, wutsiya zai koma. Mutum yana iya matsar da tasa baya da hannunsa in ya ga dama, amma gaba kam babu hanya. Launin lambar motar mutum kuwa, ko da wane harshe ake magana a gidansu, igiya ba ta tambaya.

Ranar da na fara shigowa da baƙuwar lamba, ina ta rarraba ido, ka dube ni sama da ƙasa ka ce, "Me ke aljihunka?" Na laluba, babu komai sai cokali. Ka karɓa, ka lanƙwasa mariƙinsa a jikin turke, ka miƙo mini ka ce in rataya. Sannan ka faɗa wa jama'a cewa ga direban da zai iya manta jak ɗin ɗaga mota a gida amma ba zai manta abin cin abinci ba. Aka yi ta dariya, ni kuwa raina ya ɓaci. Tun daga ranar sunana na yanka ya ɓace a wannan hanya, har surukaina yanzu da Mai Cokali suke nemana.

Ba zan ce kai mai sanyin hali ba ne, don za ka tashi ka ƙaryata ni. Kana da faɗa, kuma bakinka ba ya shakkar kowa. Tsohon direba ne kai, hatsarin da ya bar ka da ɗingishi shi ya sauke ka daga mota, kuma ba ka taɓa yafe wa barci abin da ya yi maka ba. In ka ga mutum yana gaba alhali idonsa ya yi ja, ba za ka hana shi haƙƙinsa ba, amma za ka tsaya a kansa. "Matsar da taka baya da hannunka, ka je ka kwanta," haka kake cewa. "Kaya ba sa ƙarewa, uban 'ya'ya ne ke ƙarewa." Mutum yana gunaguni zai je ya matsar. Ni ma na sha wannan faɗan, kuma ga shi ina raye ina rubutu.

Na tuna lokacin da wani babban kamfanin sufuri ya shigo da sababbin motoci masu sheƙi. Wakilinsu ya zo da fara'a, ya kawo maka kujera mai laushi mai juyawa, ya ce dattijo kamarka bai dace da benci ba. Yana cikin magana ya sako zancen cewa motocinsu suna da alƙawari da manya, don haka zai yi kyau a riƙa duba su. Ka yi godiya sosai. Ka sa aka ajiye kujerar a ƙarƙashin turken ƙofa, ka ce daga yau ta wanda ke gaba a igiya ce, ya zauna ya huta kafin a kira shi. Kai kuwa ka koma bencinka. Direbobin kamfanin suka zo da 'yan alamunsu na roba suka rataya a wutsiya kamar kowa. Har yau kujerar tana nan, duk mai ya ɓata ta, kuma babu direban da bai juya a kanta ba.

Amma abin da ya sa nake wannan rubutu shi ne shekarar da aka rufe gada.

Cokalina ne a gaba a ranar. Sai ga saƙo daga gida cewa mai ɗakina tana naƙuda, kuma abin ya zo da gardama. Na same ka na faɗa maka. Ka ce lodi ba zai fito ba sai gobe da rana, in bar mota in haye da ƙafa in dawo da safe. Na haye. Allah ya sauke ta lafiya. Da gari ya waye na nufo gada, sai na tarar da sojoji, an jera ganguna, an ja waya mai ƙaya. Manya sun ɓata a kan kuɗin wucewa, kowa ya janye jakadansa. Daga inda nake tsaye ina hango rufin rumfarka, kuma ina hango kan motata, wadda ita kaɗai na mallaka a duniya.

Mun ɗauka abin na kwana biyu ne. Damina ta sauka ta ɗauke, gada tana rufe. A ɓangarenmu kaya suka koma bi ta doguwar hanya, komai ya yi tashin gwauron zabi, magani ya yi wuya a asibitoci, manoma suka yi shuka babu taki. A ɓangarenku rumbuna suka cika suka batse, masu dako da masu sayar da abinci suka watse. Wakilan ƙasashen nesa suna ta sintiri tsakanin fadojin mulki, kowa yana cewa sulhu ya kawo, alhali kwangila ce a jakarsa. Ni kuwa na koma dakon buhu a kasuwa don jaririya ta samu abin da za ta tsotsa. Na cire rai da mota, na cire rai da layi.

Kai ba mutumin waya ba ne, don haka daga bakin mai shayi na ji sauran labarin. 'Yan ƙananan lodi na cikin gida sukan fito jifa-jifa, direbobinku suna rububinsu. Alamunmu na 'yan tsallake kuwa suna nan a gaba suna tsatsa. Wanda ya fi ɗaga murya a kan a cire su shi ne Mai Ƙararrawa, babban direba mai faɗa a ji a ƙungiya, wanda alamarsa tsohuwar ƙararrawar keke ce. Ba zan zalunce shi ba, yana da hujja. Motar ƙanensa tana tsare a ɓangarenmu, gidansa babu abinci, kuma dokarka ce da bakinka cewa wanda ba ya nan wutsiya zai koma. Ka ce masa wanda ya ƙi zuwa daban, wanda aka hana zuwa daban. Duk ranar da lodi ya fito sai ka tsaya a bakin turke ka ɗaga murya ka ce, "Mai Cokali." Ka juya ka dubi gada, ka ɗan jira. Sannan ka ce, "An hana shi," ka tsallake mu ka kira na farko a cikin waɗanda ke nan. An ce ko sau ɗaya ba ka fasa ba, har mutane suka fara cewa tsufa ya taɓa ka.

Motata kuma ka sa aka ɗora ta a kan kututture don kada tayoyi su mutu, ka rufe ta da tamfol, kana tayar da injin lokaci-lokaci da man da ban san inda ka samo ba. Da wasu jami'ai suka zo da maganar gwanjon motocin baƙi, sai suka tarar ka jawo bencinka ka zauna a gabanta. Ka ce amana ce, in za su ɗauka su haɗa da kai su ga ko za ka yi kuɗi. Suka juya suka tafi.

Ranar da aka buɗe gada da gudu na hayo, babban mutum da ni. Na shigo gareji ina haki, sai ga cokalina a gaba, ya yi ja da tsatsa. Ko kallona ba ka yi sosai ba, ka ce, "Ka yi latti. Me aka samu?" Na ce mace. Ka ce, "Allah ya raya. Ɗauki cokalinka ka wanke shi, lodi yana jiranka." Motar farko da ta haye gada da kaya bayan wannan dogon rufi tawa ce. Na yi kuka a kan sitiyari har na wuce shingen kwastan, kuma ba na jin kunyar faɗa.

Sulhun manya bai zo hannu rabbana ba. Sun raba kaya kashi-kashi tsakanin motocin ƙasashen biyu a takarda, kowane ɓangare yana fassara rabon yadda ya ga dama. Daga nan Mai Ƙararrawa da mutanensa suka kawo shawarar a yanke igiya biyu, ta 'yan gida da ta 'yan tsallake, a riƙa fara kiran ta gida. Kowa ya san abin da hakan yake nufi. Mai mota ɗaya irina ba zai iya zaman jiran ragowa ba, sai dai ya sayar ya koma dako. Namu kuma za su rama a can ɓangaren, rigimar manya ta sauko ta zauna a rumfarmu. Aka sa ranar taro, Asabar, sha biyu ga wata. Duk wanda ke son igiya ta zauna ɗaya da kai ya dogara, Mai Ƙararrawa kuwa har filaya ya fara yawo da ita a aljihun baya.

Ana cikin haka ka yanke jiki ka faɗi a gindin igiya. Ɗanka, wanda ke jan tsohuwar motarka, shi ya sungume ka zuwa asibiti. Alamarsa ƙaramar sifana ce da ka ba shi ranar da ya fara tuƙi, kuma ita ce a gaba a ranar. Lodi ya fito ba ya nan. Washegari na zo duba ka, na tarar kana yi masa tambayoyi da ƙyar, ga robar ruwa a hannunka.

"An kira ka?"

"An kira, Baba."

"Ka amsa?"

"Ina nan tare da kai."

Sai ka sa aka kira mai shayi, ka ce yau hannunsa hannunka ne, ya je ya mayar da sifana wutsiya. Ban san lokacin da na sa baki ba. Na ce, "Haba Baba, ni ka bar nawa damina guda, shi da ya ɗauko ka za ka mayar baya? Ga jinya, ga iyali." Ka juyo da kai a hankali ka ce, "Kai gwamnati ta hana ka. Shi ni na hana shi. In na bar ta a gaba, ranar taro za su ce igiya tana da ɗa." Ɗanka ya sunkuyar da kai. Na fita ina huci, kuma gaskiya har yanzu ban gama hucewa ba. Wannan ce maganarmu ta ƙarshe da kai.

Washegarin jana'izarka muka taru a gareji, kowa ya yi jugum. Lodi ya fito, babu mai kira, babu kuma wanda ya isa ya taɓa igiya. Kasuwa ba ta tafiya sosai, don haka sifana tana can kusa da wutsiya. Wasu suka ce a dawo da ita gaba don girmama mamaci. Ɗanka ya miƙe, idonsa a kumbure, ya ce duk wanda ya taɓa ta ba da yawunsa ba, mahaifinsa ne ya sa a ajiye ta a nan.

Kamar yadda Allah ya tsara, cokalina ne kuma a gaba. Ban yi shawara da kowa ba. Na tashi daga kujerar nan mai juyawa, na cire cokalina da hannuna, na taka har wajen sifana, na rataya shi a bayanta. Na dawo na zauna a benci. Wani dattijo ɗan ƙasarku da ke bayana ya dube ni, ya tashi ya cire tasa, ya bi sawuna. Sai wani. Sai wani ɗan tsallake. Direbobin kamfani ma suka zo da 'yan robobinsu. Babu wanda ya ce wa wani tashi, babu wanda ya taɓa alamar wani, babu dokarka ko ɗaya da aka karya. Kowa tasa ya matsar baya, yadda ka koya mana ranar da idonmu ya yi ja.

Har ya rage abu ɗaya tak a gaban sifana, ƙararrawar keke. Mai ita yana tsaye jikin turke, filaya tana leƙowa daga aljihunsa, kowa ya zuba masa ido. Ya daɗe a tsaye. Sannan ya miƙa hannu ya cire ta, ta yi 'yar ƙara, ya taka a hankali ya wuce sifana, ya wuce cokalina, ya rataya ta a bayan waɗanda dama suke gabansa. Ya dawo bakin turke, daidai inda kake tsayawa, ya gyara murya ya ce, "Sifana." Ɗanka ya buɗe baki sau biyu kafin "na'am" ta fito.

Da lodi na biyu ya fito, na zuba ido in ga abin da zai faru. Mai Ƙararrawa ya dubi igiya, ya dube ni, ni ɗan tsallake mai baƙuwar lamba. Ya ce, "Mai Cokali." Wannan karon ba a hana ni ba, na amsa.

Ranar Asabar aka yi taron, bai ɗauki lokaci ba. Mai Ƙararrawa ya ce shi dai ya janye maganarsa, wanda yake son yankewa ga filaya nan, ya ajiye ta a kan tebur. Babu wanda ya miƙa hannu. Yanzu tana wurin mai shayi, da ita yake juya gawayi.

Ba zan yi maka ƙarya ba, Baba, manya suna nan suna ja-in-jarsu. Jiya ma rediyonka, wanda muka bari a rataye a rumfa, ya ce wata tawaga ta zo da sabuwar taswira. Gobe ana iya wayar gari a ga ganguna a kan gada. Amma igiyarka ɗaya ce har yau, kuma cokalina yana kanta.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Iya, wadda ta yi haƙuri da mijin da ya raba zuciyarsa tsakanin gida da gareji, kuma ta ciyar da baƙin direbobi da yawa waɗanda ba ta san sunansu ba. Ina yi wa ɗanka da 'yan'uwansa mata da jikokinka ta'aziyya, da dukan direbobin ɓangarorin biyu, domin duka mun yi rashin uba. Allah ya ba mu haƙuri, ya albarkaci abin da ka bari. 'Yata da aka haifa daren rufe gada ta fara wayo, kuma zan gaya mata wanda ya tsare mata abincinta tun ba ta san kanta ba.

Allah ya jiƙanka, Baba, ya gafarta maka kurakuranka, ya yalwata kabarinka ya haskaka shi. Kai da ba ka taɓa matsar da kowa gaba don son rai ba, ko ɗan cikinka, Allah ya sa ranar da za a kira bayi kana cikin waɗanda za a fara kira zuwa ga rahamarsa. Amin.